Ina Kabarin Malam, Burmi ko Mai Wurno?

Tun ina ƙarami na tashi na tarar ana faɗa a gidanmu cewa kakan kakana ya yi shahada a yaƙin Burmi, tare da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Manya ba su kiran sunansa saboda kunya da girmamawa, Malam kawai ake cewa, ni ma haka zan riƙa kiransa a nan. Kakana ba ya gajiya da ba da wannan labari. In an yi suna ko ɗaurin aure a gidan, maroƙa da shi suke buɗe baki, su ce ga jikokin shahidin Burmi. Ba wanda ya taɓa kawo shakka cikin maganar, sai a ƙarshen shekarar 2024, sa'ad da wani baƙo ya yi sallama a ƙofar zaurenmu.

Baƙon nan dattijo ne, ya kusa shekara 70, ga shi da matarsa da jikoki biyu. Daga Sudan suka fito, yaƙin da ya ɓarke a can cikin Afrilu 2023, shi ne ya kai yankinsu na Sinnar a 2024 ya raba su da gida. Hausarsa tana da nauyi, ya fi sakewa da Larabci, amma ana fahimtarsa sarai. Bayan an ba shi ruwa ya huta, ya ce shi jikan Malam ne. Ya ce Malam bai mutu a Burmi ba, ya tsira ya isa Gabas, ya yi aure a can ya haifi ubansa, kuma kabarinsa yana garin Mai Wurno, a bakin kogin da Larabawa ke kira Bahar Azraƙ.

Masu karatu za su ga inda maganar ta tsaya. In Malam ya faɗi a Burmi a 1903, to, ba yadda za a yi ya haifi ɗa a Sudan bayan shekara bakwai, baƙon nan kuwa ko ya yi ɓatan kai ko maƙaryaci ne. In kuwa baƙo ya yi gaskiya, to, ɗan'uwan kakana ne na jini, an kuwa yi shekaru ana yi mana kirari da abin da ba haka ba ne. Baffana ya ce wa babana a gefe, "Yaya, a dai yi hattara, gonar gado ce ta kawo shi." Kakana bai ce komai ba. Ya sa aka share musu ɗaki a waje, domin baƙo ba a korarsa, amma kwana uku bai fito hira ba.

Kafin in ci gaba ya kamata in ɗan bayyana abin da ya kai mutanenmu waɗannan wurare biyu, saboda ƙannenmu da ba su kai nan a darasin tarihi ba. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, ya ɗaura niyyar hijira zuwa Gabas. Ya ratsa ta tsakanin Kano da Zariya, mutane kuwa suka riƙa barin gidajensu da gonakinsu suna binsa, malamai da sarakuna da talakawa. Garinmu yana kudu da Kano, ta nan Malam ya shiga ayarin, ya bar matarsa da jariri a goye, watau uban kakana. Ayarin ya tsaya a Burmi, kusa da kogin Gongola, ba nisa da Bajoga a Jihar Gombe ta yanzu. An gwabza sau biyu. A karo na fari, cikin watan Mayu, mutanen Burmi suka kori Turawa. A karo na biyu, ran Litinin 27 ga Yuli 1903, aka kashe Sarkin Musulmi da mutum fiye da 600, aka kuma kashe shugaban sojan Turawa, Manjo Marsh. Waɗanda suka tsira da yawa sun bi ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka ci gaba da tafiya har suka kai Sudan, wajen 1906 suka zauna kusa da Sinnar. Garin da suka kafa shi ne ake kira da sunansa. Ashe ke nan duka labaran biyu suna iya yiwuwa, ba wanda hankali zai ƙi.

Da na koma makaranta na kai wa malaminmu na tarihi maganar. Na zaci zai ce ga littafi je ka duba. Sai ya yi dariya ya ce Turawa sun rubuta sunayen hafsoshinsu da na manyan sarakunan da suka faɗi, amma malamin ƙauye ƙidaya shi kawai aka yi, ba a rubuta shi ba. Ya ce ko da zan je gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna in kwana ina buɗe fayil, ba nan zan sami Malam ba, a cikin gidanmu zan same shi. Sa'an nan ya ba ni wata shawara wadda ita ce ta warware mini kome. Ya ce duk wanda ya ba ni labari, kada in tsaya ga abin da ya faɗa, in tambaye shi daga bakin wa ya ji, shi wancan kuma da idonsa ya gani ko shi ma ji ya yi.

Da aka ba da hutu na fara da kakana. Ni da shi akwai wasa, saboda haka na iya tambayarsa abin da babana ba zai iya ba. Na ce, "Kaka, wa ya gaya maka Malam ya faɗi a Burmi?" Ya ce, "Kai, ja can, kowa ya sani." Na ce na ji, amma wa ya fara gaya masa? Ya yi shiru ya ɗan jima, kana ya ce a zaure ya ji, wajen dattawan unguwa. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara bakwai, bai sami jin kome daga bakinsa ba. Amma, in ji shi, yana da shaida wadda ta fi baki, watau rubutu. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka, a cikinta akwai littafin Risala rubutun hannu, wanda aka ce na Malam ne. A bayan warƙar ƙarshe wani ya rubuta layi uku da Larabci, da wata tawada dabam. Ma'anarsu ita ce, mai wannan littafi, wane ɗan wane, ya rasu a ƙasar hijira ran Juma'a 12 ga Sha'aban, sa'an nan ga shekara. Kakana ya ce tun yana saurayi ya kai wa wani limami, ya karanta masa shekarar 1321, ita ce kuwa shekarar Burmi.

A nan ne aikin ya yi daɗi. Ba da lambobi aka rubuta shekarar ba, da ramzi ne. Malamanmu na da sukan ba kowane baƙi adadi, in za su rubuta shekara sai su jera baƙaƙe, mai karatu ya tara. Baƙaƙen da ke jikin warƙar huɗu ne: alif, sai wani baƙi mai tsawo, sai sin, sai shin. Na yi karambani na duba adadinsu a intanet na tara, sai na sami 381. Na ce wannan kuma wace irin shekara ce? Malaminmu na Larabci ne ya nuna mini kuskurena. Ashe lissafin iri biyu ne. A na ƙasashen Gabas, shin 300 ne, sin 60. A na Magrib, wanda malaman ƙasarmu suke bi, shin 1000 ne, sin 300. Wannan ya nuna mana abu guda tun kafin a je ko'ina: wanda ya yi rubutun, ko a ina yake zaune, karatun ƙasarmu ya yi.

To, shin da sin da alif sun ba da 1301. Saura baƙi na biyu. In kaulasan ne, adadinsa 20, shekara ta zama 1321. In lam ne, adadinsa 30, ta zama 1331. Abin da ya raba baƙaƙen nan biyu a rubutun hannu shi ne ɗan karan da ke kwance a kan kaulasan, gara kuwa ta huda takardar daidai kan baƙin. Muka duba da madubin ƙara girma, muka ɗaga wa rana, ba abin da ya fito. Abin da muka gani a rana shi ne tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar. Na yi murna na ce ko wannan zai nuna inda aka saye ta. Malam ya ce a'a, irin wannan takarda daga Italiya ake kawo ta, an yi amfani da ita a Kano, an yi a Borno, an yi a Sudan. Wannan hanya dai ba ta ɓulle ba.

Ga mai son mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, akwai hanya mai sauƙi: a ninka ta da 97, a raba da 100, a ƙara 622. Shekarar 1321 ta faɗa 1903, shekarar 1331 kuwa 1913. Ɗan ramin da gara ta yi, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ya tsaya a kan shekara goma, a cikin shekarun nan goma ne kuwa baƙonmu ya ce an haifi ubansa.

Sai muka bar shekara muka koma kan wata, wanda limamin nan na da bai kula da shi ba. Ba na ganin laifinsa, an riga an gaya masa Burmi, ya ga abin da ya dace da Burmi ya tsaya. A jadawalin kalanda, 27 ga Yuli 1903 ta yi daidai da 2 ga Jimada Ula 1321, ran Litinin. Rubutun kuwa ya ce Juma'a, cikin Sha'aban. Tsakanin Jimada Ula da Sha'aban wata uku ne. Ko da an ce shekarar 1321 ce, Malam bai faɗi ran yaƙin ba. Iyaka a ce ya sami rauni ya yi jinya ya rasu daga baya, kakana kuwa da ya ji haka ya kama wannan da hannu biyu.

Ranar mako ce ta raba gardama. Wanda ke rubuta rasuwa yana iya ɓata lissafin shekara, amma da wuya ya manta cewa ran Juma'a aka yi jana'iza. Muka duba jadawali. A 1321, 12 ga Sha'aban ta faɗa ran Talata. A 1331 ta faɗa ran Alhamis, 17 ga Yuli 1913. Na ce to, ai ba wadda ta faɗa Juma'a. Malamin Larabci ya tuna mini cewa jadawali lissafi ne, mutane kuwa da ganin wata suke aiki, sau da yawa kuma sukan ga wata kwana ɗaya bayan ranar da lissafi ya nuna, kamar yadda muke gani har yau a farkon azumi. Bambancin kwana ɗaya, daga Alhamis zuwa Juma'a, abu ne da aka saba. Bambancin kwana uku, daga Talata zuwa Juma'a, ba ganin watan da zai kawo shi. Saboda haka baƙin nan lam ne.

Duk da haka rubutun bai ambaci gari ba. Ƙasar hijira kawai ya ce, wannan kuwa ana iya faɗinsa ga Burmi, ana iya faɗinsa ga kowane zango har Makka. Ban kuma gane ba yadda aka yi gida guda ya manta da shekara goma na ran mutum. Babana ne ya ce in tafi wajen Gwaggo.

Gwaggo yayar kakana ce, babana ke kiranta haka muka bi bakinsa. Ta haura 80, tana zaune a wani gari inda aka kai ta aure tun tana yarinya. Abin da ban sani ba sai ran nan shi ne, a ɗakin kakarta ta girma, watau matar Malam, wadda aka bari da goyo. Na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, labarin Malam na Burmi na zo ki ba ni." Ta ce, "Wanne daga ciki?"

Ashe su biyu ne, wa da ƙane, duka sunansu Muhammadu, duka malamai, tare kuma suka bi Sarkin Musulmi. Wannan ba abin mamaki ba ne a gidajen malamai, inda akan sa wa 'ya'ya uku ko huɗu Muhammadu, a bambanta su da laƙabi. Gwaggo ta ce kakarta ta gaya mata cewa da kaka ta yi, wasu mutanen garin suka komo, suka ce sun ga gawar babban da idonsu, ƙaramin kuwa sun rabu da shi da ransa ya nufi Gabas. Matar babban ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga baya ta yi aure ta bar garin, ba ta haihu da shi ba. Matar ƙaramin, kakarsu, ba ta yi takaba ba, ta zauna jira. Iyayenta suka matsa a kai magana gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Sai bayan yunwar Kakalaba wani alhaji ya komo daga Gabas a ƙasa, ya kawo gafaka da labarin rasuwa, sa'an nan aka yi zaman makoki aka raba gado.

Gwaggo ba ta san 1331 ba, ba ta taɓa ganin jadawali ba. Amma Kakalaba sananniyar yunwa ce a ƙasar Kano, farin 1913 ne ya jawo ta, ta yi tsanani a 1914. Mutum ya rasu a Sudan tsakiyar 1913, mai tafiya a ƙasa ya biyo ta Kurdufan da Darfur da Wadai da Borno, yana tsayawa yana neman guzuri, ya iso bayan yunwa: lissafin ya zauna daidai. Tsohuwa da takarda ba su taɓa haɗuwa ba, ga shi kuwa sun faɗi abu ɗaya. A ganina wannan ya fi ƙarfin a sami mutum goma a zaure ɗaya suna maimaita abin da suka ji daga bakin juna.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce wa ya tambaye ta? Ta ce sa'ad da tsofaffi suka ƙare, babban ba shi da baya, sai shahadarsa ta koma kan wanda ya bar zuriya. Ita kuwa duk lokacin da ta zo biki ta ji maroƙa suna yi, takan ce a ranta ai duk gida ɗaya ne, ba ta ga dalilin da za ta kunyata ƙanenta a gaban mutane ba.

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuwa ta baffana. An yarda Malam ya rayu har 1913 a Gabas, amma me ya nuna wannan baƙo jikansa ne? Sunayen kakanni da ya jero daidai ne, sai dai baffana ya ce wannan ana iya tsintarsa a bakin maroƙi, gaskiyarsa kuwa. Sai aka ɗauko Gwaggo a mota. Ta zauna a bayan labule suka gaisa da baƙo, ta tambaye shi ko Malam ya taɓa faɗin ɗan da ya bari a gida. Ya ce kakarsa ta ce kullum yana ambatonsa, ya kuma faɗi sunan da yake kiransa da shi. Ba sunan yanka ba ne, wani laƙabi ne da uwar ta sa wa jaririn don alkunyar ɗan fari, ba a kuwa ƙara kiransa da shi ba bayan ya girma. Kakana kansa bai taɓa jinsa ba. Gwaggo ta fashe da kuka, ta ɗaga labulen ta ce, "Shigo, ƙanena."

Maganar gona ba ta je ko'ina ba. Baƙon, wanda yanzu muke kira Kakan Gabas, ya ce bai zo neman gado ba, wurin kwana ya zo nema da makarantar da jikokinsa za su shiga. Babana da baffana suka yanka masa wani gefe na gonar ya riƙa nomawa.

Game da kabarin kansa, abin da muka tabbatar shi ne gari. Kakan Gabas ya ce ubansa yakan kai shi tsohuwar maƙabartar Mai Wurno ran Salla, ya tsaya a wani sashe ya yi addu'a ya ce nan ne, amma ba dutse ba rubutu, kamar yadda aka saba binne mutanenmu, shi ma yau ba zai iya nuna daidai wurin da yatsa ba. Babban wan kuwa yana Burmi cikin ɗaruruwan da aka binne a can, inda kabarin Sarkin Musulmi Attahiru yake, da na Manjo Marsh ba nisa da shi.

Ni aka sa in karanta wa kakana lissafin daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi warƙar ya daɗe yana duban ramin da gara ta yi, sa'an nan ya ce, "Kai dai ba ka da aiki sai tonon silili." Ya mayar da ita cikin gafaka, ya aika a kira masa Kakan Gabas, suka zauna a zaure har la'asar yana tambayarsa kamannin garin da faɗin kogin. A sunan da aka yi a gidanmu bayan wannan, da maroƙi ya ɗaga murya ya ce jikokin shahidin Burmi, kakana ya yafuto shi ya ba shi kuɗi, ya ce daga yau ya riƙa ambaton su biyun, na Burmi da na Mai Wurno.